Ƙumbar Dutse da Tekun da Ya Taɓa Kwana a Arewa

In aka zauna ba da tarihi a Salka, da wuya a wuce kaka da kakanni. Dattijon Bakambare zai gaya maka inda nasu suka fara saran daji, da irin wuyar da aka sha a hannun mahayan Kontagora. Bahaushen kasuwa kuma ya ɗauko daga Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, wanda ya kafa Kontagora wajen 1864, ya gangaro zuwa 1901 da Turawa suka ci garin a zamanin ɗansa Ibrahim, ya sauke a kan madatsar Kainji da aka gama a 1968. Abin da ke da kwanan wata a cikin hirar duka bai cika shekara 200 ba. Ƙasar da masu hirar ke zaune a kanta kuwa ta girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma masu riƙe da labarinta ƙumba ce da katantanwa da suka daɗe da zama dutse.

Daga Salka zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 400, ko da tsuntsu ne zai yi tafiyar. Ɓawon teku ɗaya da kakanninmu suka sani shi ne wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibis yake, can cikin Tekun Indiya, ya sha jirgin ruwa da bayan jaki kafin ya iso kasuwanninmu. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Da Bature matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza dala guda ta azurfa. To mutumin da ya saba ganin ɓawon teku a matsayin baƙon da aka sha wuya kafin a kawo, yaya za ka ce masa akwai tudun da in ya sara da diga a ƙasar Sakkwato ɓawon teku zai zubo masa a ƙafa, wanda ba fataken da suka kawo shi?

Bari mu fara da abin da ke kusa da gida. Wanda ya taɓa bin masunta zuwa inda Kwara ke gudu a kan duwatsu, lokacin da ruwa ya ja baya, ya san wata ƙumba mai kaushin baya da ke manne da dutse kamar an ɗame ta da siminti. Ba ta da fasali. Wata ta miƙe kamar tafin ƙafa, wata ta karkace, wata ta hau bayan 'yar'uwarta, ta uku ta hau bayan ta biyun, har su yi tsibi. In ka sa hannu ka ja, fatar yatsanka za ta riga ta barin wurin, sai dai guduma ko bakin gatari. Amma in ta buɗe, cikinta sumul yake, yana ƙyalli kamar cikin sabuwar tasa. Masana na kiran ta Etheria elliptica, sunan da Bafaranshe Lamarck ya raɗa mata a 1807, kuma tana nan a Kwara da Nilu da Bolta. A wurare da dama ana cin namanta, a ƙone ɓawon a sami farar ƙasar shafe ɗaki.

A teku akwai mai irin wannan hali. Danginta kowa ya san hotonsu ko da bai taɓa ganin teku ba, domin tambarin kamfanin mai na Shell, mai kama da buɗaɗɗen mafici, hoton ɓawonsu ne. Turawa na ce wa dangin sikalof. Ɓari biyu gare su kamar goro, kuma yawancinsu ba su san zama wuri ɗaya ba. In abokin gaba ya matso sai su riƙa tafa ɓarin suna feso ruwa, su yi ta tsalle har su tsere. A gefen bakinsu akwai idanu ƙanana a jere kamar duwatsun wuya, a wasu har su kai 200. Sai dai akwai 'yan tsiraru cikin dangin da suka ajiye gudu suka zaɓi zama, su ne nake kira ƙumbar dutse.

Wadda aka fi sani a cikinsu tana zaune a gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, daga Kanada zuwa Meziko, sunanta a littafi Crassadoma gigantea. Tana ƙarama ba ka raba ta da sauran dangi: ɓawo mai tsari, jijiyoyi a miƙe, tana tsalle cikin ruwa yadda ta ga dama. Da faɗinta ya kai kamar santimita biyu zuwa uku sai ta nemi dutse ta kwanta a kan ɓarinta na dama, ta fitar da sinadarin da take gina ɓawo da shi ta liƙe kanta. Daga ranar ta gama tafiya a duniya. Ɓawon ya ci gaba da girma yana bin lanƙwasar dutsen, ya yi kauri, ya yi muni, har ya kai girman faifai, ciyawar ruwa da tsutsotsi su mayar da bayansa gida. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙuruciyarta ba ta gogewa. In ka duba gindin tsohon ɓawon, wajen maɗaurin ɓarin biyu, za ka ga ɗan maficin nan na yarinta yana nan daram da tsarinsa, daga bakinsa kuma hargitsi ya fara. A ciki, daidai maɗaurin, akwai tabo mai ruwan shunayya da ake gane ta da shi ko da igiyar ruwa ta farfasa ta.

Irin waɗannan ɓawo sun fara shiga littafi ne daga Italiya. Wani masani, Giovanni Battista Brocchi, ya bi tuddan da ke gindin duwatsun Afenin yana tsintar ɓawon teku a gonakin mutane, ya buga abin da ya samu a 1814. Cikinsu akwai wata mai kauri da ya ɗauka kawa ce, ya sa ta cikin dangin kawa. A 1821 Bafaranshe Defrance ya buɗe wa irinta gida na dabam mai suna Hinnites, sunan da ya bi ƙumbar dutse tun daga lokacin. Shi Brocchi a nahiyarmu ya ƙare. Ya shiga aikin Muhammadu Ali na Masar, aka tura shi Sudan, ya mutu a Khartum a 1826, shekarar da Bature matafiyi Clapperton ya haye Kwara kusa da Busa ya ratsa ƙauyukan Kambari a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato.

Sunan Hinnites ya zama kamar zauren baƙi. Duk sikalof da aka tono mai karkataccen ɓawo, daga kowace nahiya, daga kowane zamani, sai a tura ta can. Aka jera waɗanda suka rayu shekara miliyan 200 da suka wuce tare da na Italiya, waɗanda yawancinsu ba su wuce miliyan biyar ba, tare da mai rai ta Amurka, aka ce gida ɗaya ne mai dogon tarihi. Sai a ƙarni na 20 aka zauna tankaɗe da rairaya. Masana irin su Thomas Waller na cibiyar Smithsonian da ke Washinton suka bar kallon tsohon ɓawo suka koma kan ɗan maficin yarinta, domin shi ne dutse bai lanƙwasa ba, shi ke nuna asali. Nan aka ga kama da wane ba wane ba ne. Tsofaffin aka mayar da da yawansu wasu gidaje, ta Amurka aka yanka mata nata sunan a 1986. Dabarar liƙewa a dutse ba gadon kaka ɗaya ba ce, zuri'o'i dabam-dabam ne suka faɗa mata kowa a lokacinsa, kawa ta yi, sikalof ta yi, ta Kwara ma ta yi, alhali ita dangin ƙumbar ruwan daɗi ce, ba abin da ya haɗa ta da su sai hali.

Dalilin kuwa tsoro ne. A 1991 Elizabeth Harper ta Ingila ta gwada abin a tankin ruwa: ta liƙe wasu ƙumba da dutse, ta bar wasu rataye da zarensu kamar yadda suka saba, ta sako musu ƙaguwa da tauraron teku. Waɗanda ba a liƙe ba aka fi ci, domin mai farauta na buƙatar ya juya abincinsa ya nemo bakinsa, abin da ya ƙi juyuwa kuwa sai a haƙura a nemi wani.

Wannan hali shi ya sa ƙumba mai mannewa ta zama shaidar da ba a tuhuma. Wuri in ka tsince shi a kufai, ba ya nuna maka komai sai cewa fatake sun bi ta nan. Ɓawon da ke yawo kuma ruwa na iya kwashe shi ya kai shi inda bai taɓa rayuwa ba. Amma in ka sari tudu ka tarar da kawa jere, ɗaya manne da bayan ɗaya, ɓari biyun a haɗe yadda suka mutu, to a nan aka haife su, a nan suka tsufa, kuma ruwan gishiri ya daɗe a wurin har iyaye suka ga jikoki. Ga shi kuma ɓawon kawa da na sikalof ya fi na sauran jure zaman ƙasa. Na wasu narkewa yake yi, ya bar lakar da ta cika cikinsa ta daskare da siffarsa, kamar yadda maƙerin tagulla ke fasa yumɓu ya fito da abin da ya zuba.

Malaman Musulunci sun riga Turawa yin wannan lissafi. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a dā, hujjarsa kuwa ɓawo da wuri da masu haƙar rijiya ke tararwa cikin dutse. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittar ruwa a cikinta. Na san mai karatu zai ce ai ruwan Ɗufana ne. Wannan fage na malamai ne, ba na shiga. Abin da duwatsun Sakkwato ke nunawa dai shi ne hawa-hawa: yashin kogi a ƙasa, lakar teku a kansa, yashi ya dawo, teku ya sake dawowa, kowane hawa da irin halittarsa, kuma kowanne ya ɗauki zamani mai tsawo kafin ya taru.

A ƙasashenmu, sojojin mulkin mallaka ne suka fara kai irin waɗannan duwatsu gaban masana, yawanci ma a kan hanyar wani aikin. Monteil, hafsan Faransa da ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891 ya bi ta Kukawa ya haye Sahara zuwa Tarabulus, ya tsinci wani dunƙulen dutse a wajen Bilma. Da aka duba shi a Faris bayan shekaru, sai ga shi bushiyar teku ce, wata halitta mai ƙaya da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. A wajejen lokacin da aka ci Sakkwato a Maris na 1903, Ingila da Faransa suka tura ma'aikata su ja iyaka daga Kwara zuwa Tafkin Chadi, suna bin yarjejeniyar 1898 da ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Likitan ayarin Ingilishi, Kyaftin Lelean, ya lura da farin dutse mai ɓawo a ƙasar Adar, kusa da layin da suke ja, ya kwashi wasu. A 1904 F. A. Bather na gidan tarihin halittu da ke Landan ya bayyana bushiyoyin tekun da ke ciki, ɗaya ya sa mata sunan Sudan, wadda yanzu ake kira Linthia sudanensis. A 1905 R. Bullen Newton ya yi bayanin ƙumba da katantanwar. Iyakar an sake ja ta, wurin ya faɗa hannun Faransa, yau yana cikin Jamhuriyar Nijar. Tekun dai bai san da layin ba, dutse ɗaya ne daga Kalambaina ta Sakkwato har Malbaza ta Nijar.

Daga nan aiki ya koma hannun masu sana'ar. J. D. Falconer ya yi shekaru yana yawon binciken ma'adinai a Arewa, ya buga littafinsa kan duwatsun ƙasar a 1911, Henry Woods na Kambirij ya bayyana ɓawon da aka kwaso daga kwarin Gongola. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya. A 1930 Raeburn da Tattam suka fitar da rahoto kan lardin Sakkwato, W. E. Swinton kuma ya duba ƙasusuwan da aka samo a can ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne, dangin guza da maciji. Masana daga Jami'ar Fulorens ta Italiya suka zo tsakanin 1969 da 1971 suka tono ƙarin ƙasusuwa har da ƙoƙon kai, a 1972 suka raɗa wa dabbar Goronyosaurus, da sunan Goronyo. A 1975 Beverly Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya ƙara da wani kada mai dogon baki, Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu sun shiga littattafan duniya ta wannan ƙofa fiye da yadda muka sani. Richard Reyment ya sa wa wasu naɗaɗɗun katantanwar teku, masu kama da gammo, sunayen Gombeoceras da Bauchioceras a 1954.

In aka haɗa abin da waɗannan mutane suka tono, ga yadda labarin yake. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu ƙasa ɗaya ce. Da suka fara rabuwa, Tekun Atlantika ya buɗe, wata tsaga kuma ta shigo cikin ƙasa ta inda kogin Binuwai ke bi a yau. Duniya ta yi zafi a zamanin, babu tulin ƙanƙarar da ke riƙe ruwa a ƙuryar arewa da kudu kamar yanzu, ruwan teku ya haura na yau da fiye da mita 100. A arewacin Afirka kuma akwai wani babban teku da masana ke kira Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ce. Wajen shekara miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, ruwa ya malalo daga Tetis ta Sahara, wani ya hauro daga kudu ta tsagar Binuwai, suka haɗu. A lokacin da akwai jirgi, da ya tashi daga inda Fatakwal take ya bi ta Gombe da Damargu ya fita Libiya bai taɓa tudu ba. Katantanwar da ake tonowa a ramin siminti na Ashaka ta wannan zuwan ce, tare da kawa da wata mai liƙewa da ake kira Plicatula, 'yar'uwar sikalof ta nesa.

Ruwan ya janye. Tsakanin shekara miliyan 72 da 66 ya sake zuwa, wannan karon ta yamma da duwatsun Ahaggar da Azbin, ya gangaro ta gabashin Mali ya cika babban kwarin da ake kira Iwillimmidan, da sunan wata ƙungiyar Abzinawa, wanda gefensa na kudu maso gabas shi ne ƙasar Sakkwato. Lakar Dukamaje da ke can ta wannan zamani ce, a cikinta Goronyosaurus ya kwanta tare da kunkurun ruwa da haƙoran kifi. Sai ga masifar da ta faɗa wa duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda ta ƙarar da dinoso, ta tafi da ƙadangarun teku da naɗaɗɗun katantanwar nan gaba ɗaya. Da tekun ya yi zuwansa na ƙarshe, wajen shekara miliyan 60, babu ko ɗaya a cikinsu. Kadoji sun tsira, kawa ta tsira, bushiyar teku ta tsira. Ruwa ne mai ɗumi, garau, marar zurfi. Ayarin Maureen O'Leary da ya yi aiki a ɓangaren Mali ya ƙiyasta zurfinsa da kamar mita 50, kuma a can aka sami ƙasusuwan macijin ruwa da ake jin ya kai mita 12. Ɓawon da ya taru a gindin wannan ruwa shi ne farin dutsen Kalambaina. Kafin shekara miliyan 50 ruwan ya tafi bai sake dawowa ba, koguna suka binne wurin da jan yashi da yumɓu, wanda shi ne tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai na wajen Gwandu. Ƙumbar Brocchi ta Italiya jaririya ce a gaban waɗannan.

To ina Salka a cikin wannan? A nan ne gardamar take, kuma ƙasar Kontagora ce a tsakiyarta.

In ka bar Kontagora ka nufi Yawuri ko Zuru, za ka hau kan tsohon dutse mai tauri, wanda zafi da matsi suka dafa shi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Shi ne mai zinariyar Bin Yawuri, kuma ba a samun ɓawo a cikinsa. In kuwa ka juya kudu maso gabas, ka shiga wani dogon kwari mai cike da dutsen yashi, wanda ya miƙe kamar kilomita 350 daga ƙasar Kontagora ya bi ta Bida ya wuce Lokoja. Kwarin Bida ke nan, wasu su ce kwarin Nufe. A 1972 D. R. Adeleye na Jami'ar Ibadan da abokin aikinsa Dessauvagie suka kasa duwatsun arewacinsa hawa huɗu da sunayen garuruwan Nufawa: yashin Bida a ƙasa, tamar Sakpe, lakar Enagi, sai tamar Batati a sama. Yawancin yashin koguna ne suka zubo shi. Amma tamar dabam take. In ka fasa ta za ka ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero, irin da ke haɗuwa a inda ruwa marar zurfi ke kai da komo, kuma Adeleye ya sami ɓawon halittun teku a cikinta. A kudancin kwarin, wajen Lokoja da Agbaja, an sami ƙananan halittun ruwan gishiri a cikin laka. Ashe a daidai lokacin da ake tara lakar Dukamaje, ruwan kudu ya shigo kwarin Bida, ruwan arewa kuma yana Sakkwato. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne wannan dokin ƙofa na Kontagora da Yawuri.

Cornelius Kogbe, wanda ya yi shekaru yana bin duwatsun Sakkwato kuma ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin masu cewa ruwan biyu sun haɗu ta wannan kwari. Reyment ya kawo tasa hujjar daga wasu halittu dangin jatan lande da ba su kai ƙwayar gero ba, masu ɓari biyu su ma, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganin su. Ya tarar da iri ɗaya a Sakkwato da Libiya da kuma kudu maso yammacin Nijeriya, inda farin dutsen Ewekoro yake. Ga kuma wata katantanwa, Libycoceras, da danginta suka bayyana a Masar da Libiya, da kwarin Iwillimmidan, da Afikpo a ƙasar Ibo. Sunday Petters, wanda ya koyar a Jami'ar Kalaba, bai yarda ba. Ya duba wasu ƙananan halittun na dabam a ƙarshen shekarun 1970, ya ce na Sakkwato sun fi kama da na arewa, kuma jifsom ɗin da ke cikin lakar Dukamaje alama ce ta lungun ruwa mai toshewar gaba, inda rana ke ƙafar da shi. A wurinsa tekun ya zo Sakkwato ya tsaya.

Ni dai na fi karkata ga su Kogbe da Reyment. Ƙananan halittun nan rarrafe suke yi a gindin ruwa, 'ya'yansu ba sa shawagi igiyar ruwa ta ɗauke su zuwa nesa, kuma zagaye Afirka ta Yamma ta bakin Senegal tafiya ce mai tsawo ga abin da ke rarrafe. Hanya ta kusa ta fi shiga hankali, ko da mashigi ne siriri da ke buɗewa in ruwa ya cika, ya rufe in ya ragu, kamar yadda fadama ke haɗe tafkuna biyu da damina. Amma Petters yana da abin riƙewa: duwatsun teku na Sakkwato sirancewa suke yi in aka yi kudu har su ɓace, kuma shaidar da za ta kashe maganar, wato jerin kawa a kwance a mazauninsu a tsakiyar tazarar, ita ake nema. Jan dutsen yashi mugun ma'aji ne. Ruwan sama na ratsa shi ya narkar da ɓawo, zaizayar miliyoyin shekaru ta kwashe hawan sama, marmara kuma ta rufe abin da ya saura.

Wani abin mamaki, tekun ya dawo ƙasar Kontagora ta bayan mota. An kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967 a Kalambaina, yau yana hannun BUA. Abin da ake haƙa a niƙa a gasa da wuta mai zafin digiri 1,450 shi ne wannan farin dutse, wato ɓawon ƙumba da bushiyar teku da ƙananan halittu da ba sa ƙirguwa. Haka abin yake a Malbaza da Ashaka da Ewekoro. Ramukan haƙar kuma su ne suka buɗe wa ɗaliban ilmin duwatsu hawan da dā ke binne. A irin wannan wuri mutum kan sunkuya ya ɗauki bushiyar teku mai girman ƙwan zabo, ya goge ƙurar da babban yatsa, ya ga zanen fure mai kunne biyar a bayanta, sarai kamar jiya aka zana. Duk ɗakin da aka yi wa daɓe da simintin Sakkwato a Salka ko Nasko ko Ibeto, da wannan aka yi shi.

Masu sarar ƙasa a wannan yanki sun fi masana yawa: masu haƙar rijiya, masu burtsatse, masu fasa dutse, masu yankan hanya, masu neman zinariya. Albiruni ma daga bakin rijiya ya samo hujjarsa. Saboda haka, ɗan'uwa mai haƙa a Salka ko Auna, in digarka ta fito da dutse mai siffar ƙumba ko katantanwa, kada ka jefa shi kan tsibin ƙasa, kada kuma ka kankare shi daga dutsen da yake manne da shi. Ka lura da gaba nawa ka yi kafin ka same shi, da irin ƙasar da ke samansa da ta ƙarƙashinsa, ka naɗe shi a tsumma, ka ba malamin makaranta ya kai sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko na Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai.